Kondansater a tsofaffin oba-oba: a canza duka ko a zaɓa?

Wani ƙanena mai gyaran rediyo da talabijin a Tawa ya aiko mini da tambaya. An kawo masa rediyoyin sadarwa huɗu na wata ƙungiya da motocinta ke zirga-zirga tsakanin Tawa, Abalak da Cintabaraden. Uku na mota ne masu aiki a zangon VHF, ƙirar farkon shekarun 1990, na huɗun babba ne na BLU, irin mai kai magana nesa, da ke zaune a ofis. Ɗaya yana gurnani a lasifika, ɗaya ba ya tashi da safe sai rana ta ɗaga, na ukun kuma da an danna makirfo sai ya mutu ya sake kunna kansa. An ba shi shawara ya tuge duk kondansater ɗin da ke ciki ya sa sababbi. Yana son sanin ko shawarar daidai ce, da kuma ko zai iya ciro wasu daga tsofaffin plaket na talabijin, wato allunan ciki da ake liƙa kayan wuta a kansu, tunda sababbi na wahalar samu a can.

Ƙanena, Allah ya yi maka albarka da ka tambaya kafin ka ɗora ƙarfen liƙi. Shawarar da aka ba ka rabinta gaskiya ce, rabinta kuma tana iya kashe maka rediyon da ciwonsa bai taka kara ya karya ba. Kondansater ɗin da ke tsufa a cikin waɗannan akwatuna iri ɗaya ne tak: kondansater shimik, mai kama da ƙaramar gwangwani, wanda ƴan'uwanmu na Najeriya ke ce wa kafasita mai ruwa. Shi za ka bi. Sauran, musamman na wajen da ake sarrafa zangon watsawa, ka bar su inda ka same su.

In ka taɓa fasa ɗaya ka ga abin da ke ciki: fallen alminiyam biyu siraru, an naɗe su kamar tabarma, da takarda jiƙaƙƙiya a tsakaninsu, an toshe gindin da roba. Wannan ruwan da takardar ta sha shi ne ransa. Yau da gobe yana sulalewa ta jikin robar kamar yadda ruwa ke tsatsafowa daga randa, kuma zafi ne ke hanzarta shi. Duba jikinsa za ka ga an rubuta 85°C ko 105°C. Masu ƙera shi na nufin zai yi wasu awoyi ƙididdigaggu a wannan zafin, galibi 1000 ko 2000, kafin ya fita daga ma'auninsa. Akwai ƙa'idar da dukkansu ke aiki da ita: duk digiri 10 da zafi ya ragu, kwanansa na ninkawa biyu.

Mu yi lissafin tare, don a nan ne matsalar ƙasarmu take. Ɗauki mai awa 2000 a digiri 85. In cikin akwatin rediyo ya kai digiri 65, zai yi awa 8000. Shekara ɗaya awa 8760 ce, ka ga ko shekara bai cika ba in rediyon dare da rana a kunne yake. Ɗauki ɗan'uwansa mai awa 2000 a digiri 105, ka sa shi a wuri guda: awa 32,000, fiye da shekara uku da rabi. In ka samu ka sauke zafin zuwa 55, ya kai 64,000, shekara bakwai da ɗoriya. To ka tuna da watan Afrilu da Mayu a Tawa ko nan Yamai, lokacin da inuwa kanta ke wuce digiri 40, ga mota a tsaye cikin rana gilasai a rufe, ga rediyon da zafin kansa. Wanda ya zana shi a Japan ko Amurka bai zauna da wannan rana ba. Kuma ko ba a kunna shi ba robar na tsufa. Kamfanonin da kansu ba sa ba da tabbaci fiye da kimanin shekara 15, komai kyawun lissafi. Naka sun haura 30. Saboda haka maganar cewa sun gaji ba ta buƙatar dogon musu.

Amma kafin ka kwance sukurun farko, ka raba majinyatan nan uku, don ba lallai ciwonsu ɗaya ba ne.

Wanda ke mutuwa in an danna makirfo, ni batir da waya nake fara tuhuma. Waɗannan rediyoyi an yi su ne don volt 13.8. Lokacin saurare abin da suke ja kaɗan ne, amma da ka danna, na VHF mai ƙarfi zai iya jan amfiya 10, na BLU mai wat 100 kuma ya kai wajen 20. Sa mitarka a bakin wayar da ke shiga rediyon, ba a kan batir ba, ka danna ka kalli allura. In ta faɗi ƙasa da 12 ta nufi 11, ka bi wayar: gidan fis da ya yi tsatsa, mas, wato wayar ragi, da aka ɗaure a jikin fenti, ko siririyar wayar da aka ƙara da ita. Sau da yawa an kawo mini irin wannan, na goge gidan fis da takardar yashi, mai shi ya tafi da rediyonsa ban buɗe shi ba.

Mai ƙin tashi da safe kuwa, kusan ya faɗa maka ciwonsa da bakinsa. Kondansater da ya bushe turjiyar cikinsa na ƙaruwa, ita ce ake rubutawa ESR, kuma sanyi na ƙara mata yawa, ɗumi na rage ta. Shi ya sa a sanyin hunturu, Disamba da Janairu, rediyon ke yin gum da asuba, hantsi na yi ya kama aiki kamar ba shi ba. Ga dabara: buɗe shi da sassafe yana cikin ƙin tashin, ka ɗauki na'urar busar da gashi ka hura ɗumi yanki yanki, daga nesa kaɗan. Inda ka hura ya farka, nan ɓarawon yake. Mai gurnani shi ma yawanci matatar wuta ce ta gaji. Sai dai ka saurari irin gurnanin. In ƙugi ne mai kauri da ba ya canzawa, kuma rediyon a kan akwatin wuta na kuran yake, akwatin za ka buɗe, don kuran ɗinmu mai bugu 50 ne, ƙugin 50 ko 100 daga can yake fitowa. In kuwa fito ne siriri da ke tashi in direba ya taka totur, altanetar mota ce. In tuk-tuk-tuk ne kamar injin niƙa a nesa, wannan cikin rediyon ne, kusa da amfilin sauti.

Da ka buɗe, kada ka tsaya neman mai kumburarren kai kawai. Manya ne ke kumbura. Ƙananan nan na mikrofarad 1, 4.7, 10 da 47 su suka fi mutuwa, don ruwansu ɗan kaɗan ne, kuma suna bushewa a tsaye cas, ba alamar komai. Mitar da ke auna mikrofarad kaɗai tana iya yaudararka: ta nuna maka adadi daidai, wani lokaci har sama da abin da aka rubuta, alhali abin ya mutu. Wadda ke auna ESR kake buƙata. Ƴar ƙaramar na'urar gwajin nan mai allo da ake sa ƙafafu a matse ta isa, muddin ka ciro kondansater ɗin daga plaket. Babban mai 1000 lafiyayye ɗan guntun om ɗaya zai nuna, ƙananan kuma om ɗaya, biyu ko ɗan fiye. Hanya mafi sauƙi ita ce ka auna sabo mai lamba iri ɗaya ka kwatanta. In tsohon ya ninka sabon sau uku ko huɗu, ya tashi aiki.

Yanzu ga abin da ya fi damuna da rediyoyinka, saboda shekarun da aka ƙera su. Daga ƙarshen shekarun 1980 zuwa tsakiyar 1990 aka shiga sa ƙananan shimik masu farin kai da ake liƙawa a fuskar plaket, ba a huda musu rami. Da yawa daga na wancan zamani ba bushewa suke yi ba, yoyo suke yi. Ruwan na fita ta gindi, ya kwanta ƙarƙashi inda ido ba ya gani, ya ci jan ƙarfen hanyoyin, kuma shi kansa yana ɗaukar wuta, sai ya haɗa hanyoyin da bai kamata su gamu ba. Wannan sanannen abu ne a wurin masu gyara a ko'ina. Motorola Spectra da plaket ɗin CAR na Kenwood TS-850 har an san su da shi. Duba da gilashin ƙara girma. Dalmar da ke ƙafarsa, maimakon ta yi ƙyalli, za ka gan ta ta yi toka-toka kamar an barbaɗa mata gari. Kusa da ita hanyar jan ƙarfe ta yi baƙi ko kore a ƙarƙashin fenti. In ka ɗora bakin ƙarfe mai zafi, dalmar ba ta narkewa da daɗi, sai wani ƙarni ya bugi hancinka kamar busasshen kifin da ya sha ruwa. Wanda ya shaƙi warin nan sau ɗaya ba ya mance shi.

In ka ga haka a ɗaya, to a nan shawarar da aka ba ka ta yi daidai: duk irinsu da ke cikin rediyon su fita, har waɗanda suka auna lafiya, don tare aka haife su. Amma cirewar ita ce wurin da ake ɓarna. Wasu na kama kan da filaya su murɗe. A plaket mai lafiya wani lokaci a tsira. A wanda ruwa ya ci, gammon jan ƙarfen da ƙafar ke zaune a kai ya riga ya saki, sai ya biyo ƙafar ya fito, ka koma ɗinkin hanya da silin waya. Ni ga yadda nake yi: in shafa man liƙi, in ƙara sabuwar dalma a ƙafafun biyu don ta gauraya da ruɓaɓɓiyar, sannan in ɗora ƙarfe biyu lokaci guda, ɗaya a kowace ƙafa, in ɗaga a hankali. In kana da na'urar iska mai zafi ta gyaran salula ita ma ta yi, amma ka kare robobin da ke kusa, kuma kada ka daɗe a kan gwangwanin, yana iya fashewa. Waɗannan plaket dalma mai darma aka yi musu, wadda ke narkewa wajen digiri 183 zuwa 190, don haka irin 60/40 za ka sa, kuma ƙarfenka bai buƙatar wuce 350.

Bayan cirewa sai wanka, kuma wankan ya fi sa sabon muhimmanci. Alkol mai ƙarfi da tsohon buroshin haƙori, ka goge, ka tsane da auduga, ka maimaita har audugar ta fito fara. Ka kankare fentin da ya yi baƙi har ka ga jan ƙarfe mai haske, ka shafe shi da dalma. Sannan ka bi kowace hanya da mita. Ka fi mai da hankali ga ƙananan ramukan da ke kai hanya daga fuska zuwa bayan plaket, don ruwan na taruwa cikinsu ya cinye su daga ciki, daga sama kuma suna nan kamar lafiya lau. Wanda ya sa sabon kondansater a kan wurin da bai wanke ba, bayan damina ɗaya rediyon zai dawo masa.

Akwai kuma wani gam ruwan ƙasa da ake zuba wa manyan kaya da kewayen VCO, wurin da ke samar da zangon rediyon, don kada girgiza ta motsa su. In ya tsufa yana komawa baƙi-baƙi, ya sha laima, ya fara ɗaukar wuta. Shi ne ke sa Kenwood TS-440 nuna ɗige-ɗige a allo maimakon lamba. In ka same shi ya ƙone haka, ɓamɓare shi da tsinke a hankali.

Wajen zaɓen sabo, adadin mikrofarad ya zama ɗaya da na da. In tsohuwar lamba ce da aka daina yi, 50 ta koma 47, 25 ta koma 22, ba laifi, tunda su kansu ana ƙera su da sassaucin kashi 20 cikin 100. A matatar wuta ƙari kaɗan ba ya cutarwa, amma a wajen skwelc mai rufe lasifika in ba a magana, da AGC mai daidaita ƙarfin abin da aka kama, da matatar PLL mai riƙe zango, adadin nan shi ke yanke lokaci, kada ka canza shi. Volt ya zama daidai ko mataki ɗaya sama. A layin batir in na ga 16 nakan sa 25 in wuri ya ɗauka, don mota na aiko da tsalle-tsallen wuta. Zafi kuma 105, ba ciniki. Wanda aka rubuta wa NP ko BP ba shi da kai da gindi, irinsa za ka mayar. Kuma ka kula da zanen: a shimik na alminiyam layin da ke jiki ƙafar ragi yake nunawa, a kondansater na tantal kuwa, ƙananan nan masu ruwan ɗorawa ko baƙi, layin ƙafar ƙari yake nunawa. Mutane da yawa sun ƙona plaket a kan wannan. Ɗauki hoto da wayarka kafin ka cire komai, don rubutun da ke kan plaket ma akan samu kuskure a cikinsa. Tantal ba ya bushewa. In zai mutu haɗewa yake yi ya ƙona fis. Wanda ke lafiya ka ƙyale shi.

Batun cirowa daga tsohuwar talabijin, a'a. Wannan ya riga ya ci rabonsa na zafi kusa da taransifoma, ka ciro tsoho ka sa tsoho ke nan. Na yarda da shi a abu ɗaya: gwaji, don ka tabbatar da inda ciwon yake kafin saƙonka ya iso. A Katako da Babbar Kasuwa a nan Yamai ana samun sababbi, amma sai an buɗe ido, don jabu sun yi yawa kuma sunayen kirki suke ara: Nichicon, Rubycon, Panasonic, Nippon Chemi-Con. Na taɓa yanka wani babba da na ji bai da nauyi a hannu, na tarar da ƙaramin kondansater a zaune cikin gwangwanin, sauran duk iska. Araha ba ta ado. Ka auna kowane ɗaya kafin ka liƙa, ko daga wa ka saya. Wanda kuma ya shekara goma a durowar mai shago, fatar da ke kan alminiyam ɗinsa ta yi rauni. Ba shi wuta a hankali ta cikin rezistans mai kilo-om kaɗan na ɗan lokaci kafin ka sa shi aiki.

Sai waɗanda na ce kada ka taɓa. Kewayen taransistocin ƙarfi da matatun eriya za ka ga ƙananan kondansater na yumɓu da na mika, da masu sukuru a ka, da bobin, wato naɗaɗɗun wayoyi, masu baƙar zuciya a cikin gwangwani mai rami. Waɗannan ba ruwa a cikinsu, ba abin da zai bushe. An saita su da na'urorin awo da ba kowane shago ke da su ba. An taɓa kawo mini wani rediyon mota daga hanyar Agadas, ciwonsa na asali kondansater biyu ne a wajen sauti. Wanda ya fara taɓa shi ya bi bobin ɗin nan ɗaya bayan ɗaya da sukundireban ƙarfe yana neman ƙarin murya, ya fasa zuciya biyu, sauran ya kauce da su. Aikin rabin awa ya zama na kwana uku, kuma har ya bar hannuna bai koma jin nesa kamar da ba. Garin neman gira aka rasa ido. Abin ya yi mini ciwo, don mutanen da ke cikin motar nan, in sun wuce inda salula ke kamawa, wannan akwatin ne kaɗai bakinsu. Haka nan kada ka fasa ko ka goge farar fatar taransistan ƙarfi. Wasu na ɗauke da sinadarin beriliyam, ƙurarsa guba ce ga huhu. Zangon da aka sa musu ma ka bar shi yadda yake, hukumar kula da sadarwa, ARCEP, ce ke ba da izininsa.

Na BLU ɗin ofis, duba abu biyu kafin ka sa hannu. In tsoho ne sosai mai fitilu a matakin ƙarshe, irin Kenwood TS-520 ko Yaesu FT-101, akwai ɗaruruwan volt a ciki, a wasu har wajen 800, kuma suna iya zama cikin manyan kondansater bayan an zare waya. Wannan kisa yake yi. Ko akwatin wuta na zamani mai aiki da 220 yana riƙe sama da 300. Sauke su ta rezistans mai ƙarfi, ka auna da mita ka ga sifili da idonka, kada ka haɗa ƙafafun da sukundireba. Na biyu, ƙaramin batirin ƙwaƙwalwa. A wasu tsofaffin Icom, irin IC-745 da IC-751, bayanan da rediyon ke tashi da su a kan wannan batirin suke rataye. Ka cire shi haka kawai, rediyon ya mance kansa gaba ɗaya. Nemi littafin gyaransa tukuna. Rediyoyin hannu kuwa, in sun kawo maka su nan gaba, shimik kaɗan ne a cikinsu, batir ne ke fara mutuwa.

Kada ka canza talatin a zama ɗaya sannan ka kunna. Yi yanki ɗaya, ka gwada, ka wuce gaba, don in kuskure ya shiga ka san inda yake. Kunnawar farko ka sa ƙwan mota mai wat 21 a jere da wayar ƙari: in ya ɗan yi ja ya lafa, lafiya, in ya haska sosai ya tsaya, kashe, akwai abin da ya haɗe ko ka juya wani. Da ƙwan a jere saurare kawai za ka gwada. In za ka danna makirfo, cire shi, ka tabbatar akwai eriya ko lodin gwaji mai om 50 a baya, in ba haka ba taransistan ƙarfi zai tafi, kuma shi ya fi duk kondansater ɗin tsada.

In za ka mayar musu, ka bi su har motar. Rediyon da aka ɗaure a saman dashbod ka sauke shi ƙasa inda inuwa take da iska na ratsa bayansa, ka busa ƙurar hunturu da ta toshe haƙoran sanyaya shi. Ka roƙi direbobin su daina cire kan batir injin na aiki don gwada altaneta. Tsallen wutar da ke biyo baya yana iya kashe aikinka cikin ƙiftawar ido. Na ajiya kuma a riƙa kunna shi lokaci lokaci. Fara da mai ƙin tashi da safe tun sanyi bai wuce ba, don da zafi ya shigo zai ɓoye maka ciwonsa. A cikin murfin kowanne ka rubuta wata da shekara da yankin da ka canza, saboda wanda zai buɗe shi bayanka.